Yinin da Muka Daɗe a Grand Bé

Saint-Malo, 14 ga Agusta, 1984

Ƙanena Loïc,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da injinan da kake gyarawa da hazon nan naku na tsibirin Saint-Pierre, can ƙetaren teku, da ba ya ƙarewa. Mu nan lafiya lau. Tarin 'yata Nolwenn ya tafi, maigidana Didier ya samu hutun mako biyu daga ofis. Gwaggo Léontine kuwa ƙafa tana nan yadda ka san ta, baki ma haka.

Shekaranjiya Lahadi Baba ya cika shekara saba'in da biyar. Ka san halinsa, ya ce ba ya son taro ba ya son kyauta, abin da yake so a fita da shi ya zaga gari kamar baƙo. Daga coci muka hau ganuwa ta ƙofar Saint-Vincent, mu biyar. Ba masaka tsinke, mutanen Paris ko'ina da hancinsu duk rana ta saɓule. Gwaggo ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ku dube su don Allah, sun taso tun daga Paris don su kalli ruwa. Théo, da ana ba da lambar yabo ta kallon ruwa, ai da ƙirjinka ya cika." Baba ya ce, "Ke da kika shekara saba'in da takwas kina kallon mutane fa, me aka ba ki?" Ta ce an ba ta ƙane marar kunya.

Ya nuna wa Nolwenn inda manyan jiragen filafilai suke tsayawa a da, da inda Kaka ta tsaya tana ɗaga masa hannu ranar da ya fara tafiya kamun kifi can tekun Terre-Neuve mai nisa yana ɗan shekara sha huɗu. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, amma ranar sai da na juya baya na share ido.

Mun ci abincin rana a wani ɗan shago bayan babban coci. Galet, wainar nan mai faɗi, da ƙwai da cuku, sai kawa ta teku a cikin ɓawonta da aka kawo daga Cancale da safe. Baba shi kaɗai ya tashi da dozin biyu. Didier har yau bai iya haɗiye ɗanyar kawa ba sai ya rufe ido, Baba yana ta tsokanarsa, "Haɗiye mana, mutumin tudu, ba za ta cije ka ba." Gwaggo ta juya galet ɗinta ta sunsuna, ta sa aka kira mai shagon ta gaya mata man shanunta ba gishiri. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bayan nan ta cinye nata tas ta ƙara da rabin na Nolwenn.

Da ruwan teku ya janye, hanyar dutsen da yake rufewa in ya ciko ta fito, muka sayi kek mai man shanu muka taka zuwa tsibirin Grand Bé, don Baba ya ce daga can ne gari ya fi kyau. Mun ɗan daɗe fiye da yadda muka shirya, Marcel abokin Baba ne ma ya dawo da mu a jirginsa. Ba wani abu ba ne, Nolwenn ta ɗan jiƙe, shi ke nan.

Loïc, Baba yana rubuto maka kuwa? Yaya kake ganin wasiƙunsa? Sannan ina so ka fara tunanin abin da za a yi da ɗan jirginsa. Har yanzu kullum da safe yana fita shi kaɗai ya duba kwandunan ƙaguwa.

Kowa yana gaishe ka.

Yayarka,
Armelle


Saint-Pierre, 6 ga Satumba, 1984

Yaya Armelle,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin lafiyar kowa. Ni ma lafiya, sai yatsa da na datse a inji, ya warke. Ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce bakinta ya iso har nan.

"Ta ɗan jiƙe" kika ce. To jiya wani jirgin kamun kifi na gida ya tsaya a nan shan mai, na haɗu da mutanenmu, suka ba ni labari suna dariya har da riƙe ciki. Ruwa ya tare ku a Grand Bé, ya kusa tafiya da yarinya, saboda mijinki ya tsaya ɗaukar hoto Baba yana ta kiransa. Duk tashar jirage an sani, ni kaɗai ne aka mayar yaro. Ban iya cin abinci ba jiya. Tun ranar aurenku na faɗa, mutumin Rennes irin mijinki bai san ruwa ba sai na famfo. Amma a ce Théophile Hamon, wanda ya yi shekara arba'in a teku bai taɓa rasa mutum ba, an kwaso shi daga Grand Bé kamar ɗan yawon buɗe ido! Ya aka yi kika bari?

Sai kuma na dawo na sake karanta ƙarshen wasiƙarki, na gane inda kika dosa. Didier ya daɗe yana cewa jirgin nan wahala ce kawai. Wato shi ya yi ɓarna, Baba za a karɓe wa jirgi. Yaya, ki ji ni da kyau. Sunan Mama ne a jikin jirgin nan, kuma tun da ta rasu shekara uku ke nan, shi ne kawai yake tayar da Baba daga gado. Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne.

Wasiƙun Baba kuwa lafiyarsu ƙalau.

Ƙanenki,
Loïc


Saint-Malo, 23 ga Satumba, 1984

Loïc,

Muna lafiya, ina fatan yatsa ya koma daidai. Na karanta wasiƙarka a tsaye a kicin, na ninke ta na ɓoye don kada Didier ya gani. Laifina ne da na yi maka kwana-kwana. Yanzu ka zauna ka ji yadda aka yi.

Didier bai ɗauki hoto ba. Ko kyamara bai fita da ita ba ranar. Abin da ke aljihunsa ɗan littafin nan ne na lokutan cikowar ruwa da janyewarsa, wanda baƙi suke saye a shagon jarida. Muna isa tsibirin ya ja ni gefe ya ce, "Armelle, littafin ya ce mu bar nan kafin huɗu da rabi." Na ce, "Mayar da shi aljihu. A gaban Baba?" Ka san dokar gidanmu. Baba ya dubi wata ya gaya maka lokacin ruwa, ba a tambaya sau biyu. Mama ma da ta taɓa sayen littafin, a gwangwanin fulawa ta ɓoye shi har ta mutu.

Baba ya ce, "Ruwa ba zai taɓa hanyar nan ba sai shida. Ku zauna ku ci kek ɗinku." Muka zauna. Mutane suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, wata mata har ta ɗaga mana hannu tana nuna agogo. Gwaggo ta ce, "Théo, kowa fa ya tafi." Ya ce, "Mutanen Paris ne, tsoron jiƙa takalmi suke yi." Didier ya dube ni, na girgiza masa kai. Sau uku yana dubana, sau uku ina hana shi magana. Ni da aka haifa a bakin ruwan nan, ina ganin duwatsu suna nutsewa da idona, amma na fi yarda da bakin Baba.

Biyar saura kwata muka sauko, ruwa ya riga ya hau hanya zuwa idon sawu. Baba ya ce mu wuce, ba komai. Kafin mu kai tsakiya ya kai gwiwa, kuma ka san yadda yake ja a wurin nan. Ya kwashe ƙafafun Nolwenn. Ban ma ji ta yi ihu ba, kanta kawai na gani ya shige. Didier ya faɗa ya cafko wuyan rigarta, Allah ya sa rigar ba ta yage ba. Muka ja da baya muka koma tsibirin, ni ina jan Gwaggo.

Baba bai biyo mu ba. Ya tsaya cikin ruwa ya dubi agogonsa, ya dubi teku, ya sake duban agogo, yana cewa, "Ba lokacinsa ba ne. Ai ba lokacinsa ba ne." Da na koma na kama hannunsa, ya kalle ni ya ce, "Philomène, yau wace rana ce?" Da sunan Mama ya kira ni, Loïc.

Mun fi awa ɗaya a zaune muna rawar sanyi kafin Marcel ya hango mu. Tun daga nesa yake ƙyaƙyata dariya, "Kai! Théo, kai ne ruwa ya tare? Yau akwai labari a tasha!" Baba ya sunkuyar da kai. Nan take Didier, ruwa na ɗiga daga gashinsa, ya ce, "Ni ne, Marcel. Na tsaya ɗaukar hoto, Baba yana ta kirana na ƙi ji." Marcel ya ce, "Dama na sani, sai mutumin tudu." Mako shida ke nan ana yi masa dariya a kasuwa da mashaya, bai taɓa buɗe baki ba. Shi ne mutumin da ka zaga.

Ba a ranar mantuwar ta fara ba. Sau biyu na tarar da murhu a kunne babu kowa a gida. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Ba wanda yake son jirgin Baba, so nake a fito da shi tudu kafin iskar Nuwamba. Na yi masa magana ya ce me mace da ta auri ɗan Rennes ta sani. Maganarka kaɗai zai ji. Don Allah ka rubuto masa.

Yayarka,
Armelle


Saint-Malo, 8 ga Nuwamba, 1984

Loïc,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu dai muna nan da rai. Mako shida ke nan ina leƙa akwatin wasiƙa, har mai kawo wasiƙa ya fara jin kunyata. In fushi kake yi da ni, ka yi, amma ka amsa.

Ranar Alhamis Baba ya fita da jirgi bai zuba mai ba. Marcel ya same shi bayan tsibirin Cézembre ruwa yana tafiya da shi, yana zaune abinsa hannu a cinya. Wannan karon Marcel bai yi dariya ba. Ya zo har gida ya cire hula ya ce, "Armelle, ba Didier ba ne ranar nan, ko?" Ya ce zai riƙa sa wa Baba ido, amma shi ma yana da nasa kwandunan, ba kullum zai kasance a bayansa ba.

Na ɗauke jarkar mai na ɓoye. Baba ya yi kwana uku bai yi mini magana ba, ya je ya sayi sabuwa. Nolwenn ta daina yarda ta bi ta bakin ruwa, zagaye muke yi zuwa makaranta.

Iska ta fara. Duk safiyar da na ji ta a taga sai in tuna Baba yana can kan ruwa shi kaɗai. In wani abu ya same shi, ka sani na gaya maka.

Armelle


Saint-Pierre, 19 ga Nuwamba, 1984

Yaya,

Lafiyata ƙalau, ba ni da wannan uzurin ma. Wasiƙunki biyu duk sun iso a kan lokaci. Ta farkon tana aljihun rigar aikina har ta yi baƙi da mai. Na ɗauki biro ya fi sau goma ina ajiyewa.

Ƙarya na yi miki da na ce wasiƙun Baba lafiyarsu ƙalau. Tun watan Afrilu ya rubuto mini cewa Mama tana gaishe ni, tana saƙa mini rigar sanyi. A ta Yuni ya ce ta gama hannu ɗaya. Na ce wa kaina kewa ce, tsoho yana hira da matarsa, ina ruwan wani. Da na gaya miki tun lokacin, da ba ki hana Didier magana ba, da Nolwenn ba ta shiga ruwan nan ba. Da mutanen jirgin nan suka ce Didier ne, wallahi daɗi na ji, shi ya sa na yi ta zazzaga miki masifa. Ki ba shi haƙuri. A'a, ki bari, ni zan rubuta masa da kaina.

Ga wasiƙar da na rubuta wa Baba nan a ciki, ban liƙe ba, ki karanta kafin ki ba shi. Na kasa ce masa ya tsufa, ba zan iya ba. Sai na roƙe shi jirgin. Na ce zan dawo gida gaba ɗaya da Ista in kama sana'arsa, don haka ya fito mini da jirgin tudu, a sa a rumfar Marcel katako ya bushe, in na zo mu gyara tare. Na san ba zai hana ni ba.

Ke kuma gaskiya zan gaya miki. Ba zan dawo da Ista ba. Saura shekara biyu a yarjejeniyar aikina, kuma akwai wata a nan, sunanta Odile, mahaifiyarta ba ta da kowa sai ita. Zan ba ki labarinta wani lokaci. Amma tunda Baba mantuwa yake yi, kafin Ista ya manta da maganar, jirgi kuma yana tudu. Ina ganin wannan ya fi sauƙi ga kowa.

Ƙanenki mai jin kunyarki,
Loïc


Saint-Malo, 16 ga Disamba, 1984

Ƙanena Loïc,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Odile ɗin da ban sani ba. Didier ya samu wasiƙarka, ya ce ba komai, ya wuce. Gwaggo tana kwance da mura. Nolwenn lafiya.

Na yi kwana biyu da wasiƙarka a jaka kafin in ba Baba. Ban so ba, amma a daren na biyu iska ta ɗauke rufin rumfar maƙwabta, da safe na miƙa masa. Ya karanta a tsaye a bakin taga, ya sake karantawa, sai ya ce, "Ke, ɗan'uwanki zai dawo." Ya shiga ɗaki ya yi aski ya sa rigar coci. Shi da kansa ya je ya kira Marcel da tarakta, ya tsaya a kansu yana ba da umarni har aka shigar da jirgin rumfa aka ɗora shi a kan katako. Ya kwashe kwanduna ya wanke ya jera. Dabararka ta yi aiki, jirgi yana tudu, iska ta yi ta bugawa ina barci.

Amma lissafinka bai fita ba. Yana manta inda ya ajiye tabarau, yana manta ya ci abinci. Ranar Talata ya tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciyar jinya. Wannan maganar kuwa ta zauna daram. Babu wanda bai gaya wa ba, daga mai burodi har fadan coci. Ya fitar da katifarka ya shanya, ya shafa wa ɗakinka fenti shuɗi, har da maɓallin fitila. Kullum yana rumfar Marcel yana kankare jikin jirgin, wai kada ka zo ka tarar da aiki da yawa. Rabon da in ga yana waƙa tun Mama tana da rai.

Gwaggo ta kira ni gefen gadonta ta ce, "Armelle, dube ni nan. Yaron nan zai zo?" Na ce haka ya rubuta. Ta ce, "Ban tambaye ki abin da ya rubuta ba." Na tashi na ce zan ɗora mata shayi.

Kai ka yi ƙaryar sau ɗaya a takarda, daga can nesa. Ni ce nake maimaita ta kowace safiya ina kallon idonsa. Ba na jin haushinka a kan Odile, kana da taka rayuwar. Amma na gaji, Loïc, kuma ina jin tsoron ranar Ista fiye da yadda na ji tsoron iska.

Yau da safe ya tambaye ni wane jirgin ƙasa za ka biyo daga Paris, na safe ko na yamma, don yana so ya je tarye da kansa. Na ce na safe. Ya rubuta a kalanda da hannunsa. Ranar zai sa rigar coci ya tsaya a tasha, kuma ni zan raka shi. Ka rubuto ka gaya mini abin da zan ce masa in mutum na ƙarshe ya sauko.

Yayarka,
Armelle